Alƙalamin da Na Ce Zan Gama Kafin La'asar

Ko na manta komai na sana'ata, ba zan manta wata Laraba ta lokacin yaƙin basasa ba. Ina da ɗan shago a Zaitawa, ina gyaran alƙalami mai shan tawada. Ga ni da rawar kai, "ba zai yiwu ba" ba ta taɓa fita daga bakina.

Da hantsi wani dattijon malami, Babarbare, ya shigo yana haki, ya miƙo mini wani baƙin alƙalami. Ina kwance shi na ga ta'asa. Tawadar allo ya ɗura masa, mai ƙaro, ta daskare a ciki kamar dutse.

Na ce, "Haba Baba! Wannan ai ba alƙalamin kara ba ne."

Ya ce, "Ina na sani, ɗan nan?"

Ashe ɗansa ne ya ba shi ranar da ya shiga soja ba da yardar uban ba. Malam kuwa ya yi jifa da alƙalamin, ko albarka bai sa wa yaron ba. Yanzu zuciya ta huce. Wani abokin ɗan zai koma bakin daga a jirgin ƙasa na yamma, zai biyo karɓar wasiƙa bayan la'asar.

"Da alƙalamin nan nake so in rubuta," in ji shi. "In yaron ya ga siririn rubutun nan, zai san na tsince shi daga ƙasa, na yafe."

Ƙaro sai ya kwana biyu a ruwa kafin ya saki, na sani sarai. Amma na bugi ƙirji na ce, "Kafin la'asar an gama."

Ranar na ga ta kaina! Na jiƙa a ruwan ɗumi, na zura allura, na hura, na tsotsa har leɓena ya yi baƙi ƙirin. Malam na kan benci, ya zauna, ya miƙe, ya leƙa inuwar bango, ya dawo. Duk sanda ya ce, "Yaya dai?" sai in ce, "Saura kaɗan, Baba." Ana kiran la'asar na danna da ƙarfi, bakin alƙalamin ya karye ƙas.

Muna idar da salla sai ga sojan da jakarsa, yana cewa jirgi ba ya jira. Na cusa wa Malam wani alƙalami, amma bisimilla da gaisuwa kawai ya samu ya rubuta. Ya naɗe takardar ya ce, "Ka gaya masa..." sai kawai ya miƙa masa ita. Sojan ya karɓa ya ruga.

Bayan 'yan watanni na je gidansa ta'aziyyar yaron. Ya karɓi gaisuwata hannu biyu, bai tayar da maganar alƙalami ba, wallahi gara a ce ya zage ni. Da na gaya masa gaskiya tun da hantsi, da ya wuni yana rubuta wa ɗansa duk abin da ke ransa, ko da alƙalamin kara ne.

Tun daga nan, in aiki ba zai yiwu ba, ina karɓa nake faɗa. Na gane "saura kaɗan" ta ƙarya tana iya cinye wa mutum wunin da ba shi da wani sai shi.