'Yar Tsanar da Na Liƙe wa Wuya

Shekara arba'in ina sassaƙa ƙotar wuƙa da gatari ga mahautan Agege. Wata rana wata tsohuwa 'yar Japan, matar wani likita Bayarabe, ta zo rumfata da abu a naɗe cikin ƙyalle. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Turanci, sai muka haɗu a Yarbanci.

'Yar tsana ce ta katako, ba hannu ba ƙafa, kai kamar lemo, furannin da aka zana a jikinta sun koɗe. Ta ce ta mahaifiyarta ce. A ƙasarsu akwai masu tara irinta, har sunan masassaƙi suke dubawa a gindi. Gindin ne ya tsage.

"Baba, nan kawai," in ji ta.

Na ce, "Mama, turmi ma mun ɗinke, balle wannan."

Da na gama, sai na ji kan yana juyawa, yana ƙara kamar kukan jariri. A wurinmu ƙotar da ke motsi yanke hannu take yi. Na ɗura gam a wuyan, ina ganin na yi mata alheri.

Da ta dawo, ko tsagar ba ta duba ba. Ta kai 'yar tsanar kusa da kunne, ta murɗa kan. Shiru. Ta sake murɗawa. Sannan ta ce da gangan ake yin su haka, da wannan ƙarar mahaifiyarta ke rarrashinta tana ƙarama.

Kunya ta kama ni, ga mahauta zaune suna ji. Sai na ce, "Damshin Legas ne, Mama. Itacen ya kumbura. In rani ya shigo zai saki."

Ta rusuna ta yi godiya.

Gam ɗin kuskure ne, kowane mai sana'a yana yi. Ƙaryar ce ke ci na. Da na faɗi gaskiya a ranar, da ruwan ɗumi ya isa, don gam ɗin bai gama kamawa ba. Sau biyu tana aiko direbanta ya tambaye ni ko lokaci ya yi, ina cewa a ƙara haƙuri.

Bayan rasuwarta na gamu da direban a kasuwar Mile 12. Ya ce kullum da hantsi takan ajiye 'yar tsanar a taga ta sha rana, har rana ta cinye sauran furannin.