Goyon cikin Rakiya a tsakiyar marka

Cikin damunan da na yi ina aikin unguwarzoma a ƙaramin asibitin garinmu, can wajen Kurmin Kogi, akwai ɗaya da ba ta taɓa barin raina ba. Ku da kuka zo aikin nan bayana ku saurara, don ba na maimaita magana.

Malama Asabe, ma'aikaciyar jinyar da ke shugabantar mu, ita ke awo da allura. Ni kuwa bin gidaje ne aikina: in san wa ke da ciki, da hanyar da za a bi da ita idan abu ya taso. Tsakaninmu da ƙauyukan gabas akwai rafi. Da rani yashi ne kawai, awaki na kwanciya a ciki. Amma idan watan Agusta ya kama, marka ta sauka, wato ruwan nan da ke wuni yana zuba ba tsawa ba iska, sai ya cika ya batse. Saboda haka tun masara ba ta fitar da gemu ba muke ƙetarawa, mu ce wa duk mai tsohon ciki ta dawo wannan ɓangaren ta sauka gidan dangi. Ƙunshinta ba wani abu ba ne: zannuwa wankakku, sabulu, sabuwar reza, katin awo a cikin leda. Mai mota kuma a gaya masa tun da wuri.

Rakiya ba ta cikin waɗanda muke damuwa da su, don gidan mijinta na bayan asibiti. Sai ranar wani awo Malama ta kira ni gefe.

"Inna Mairo, ɗan da ke cikin Rakiya a gicciye yake. In bai juya ba, sai babban asibiti a Ikara."

"To ai hanya na nan, Malama."

"Jibi za a mayar da ita gida goyon ciki."

Cikin fari ne, kuma al'ada ce mace ta koma gaban uwarta ta haihu. Gidan iyayenta kuwa yana ƙetaren rafi. Mu muna kwaso mata zuwa nan, ita za a kai ta can da goro da rakiya.

Washegari na ɗage zane na ƙetara, ruwa iya gwiwa. Na sami mahaifinta, Malam Idi, a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na ce na zo ne kan Rakiya.

Ya sunkuyar da kai. 'Yarsa ce ta fari, ko sunanta ba ya kamawa.

"Yarinyar wajenku? Ai zancen mata ne wannan."

"Zancen rafi ne, Malam. Shi kuwa na kowa ne."

"Uwarta ma gidansu ta koma ta haife ta. Allah ne ke tsarewa."

"Shi ne ke tsarewa. To me ya sa na ga ka ɗaga rumbunka bisa duwatsu?"

Ya ce shi dai ba za a ce 'yarsa ta haihu a gidan miji kamar marar gata ba.

Dije matarsa tana jin mu ta bayan zana. Ita ce ta ɗaga murya: "Yaya Mairo, gidan yayana Sule fa? Ba cikin garinku yake ba? In na tare can, ai gidanmu ta zo."

Malam bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya dai ci gaba da buga ƙota. Mu mata mun san ma'anar wannan. Dije ta ɗaure tukunyar wanka da daddawarta, muka ƙetaro tare. Washegari aka kai mata Rakiya gidan Sule.

Bayan 'yan kwanaki marka ta sauka. Gari ya yi fari fat, ba ka sanin safiya daga la'asar. Hayaƙin murhu ya kasa tashi, sai yawo yake a tsakar gida kamar mai neman wani abu. A irin wannan wuni naƙuda ta kama Rakiya, ɗa kuwa bai juya ba. Mai mota ya zo, Malama da Dije suka tafi da ita Ikara. Aka yi mata aiki, aka ciro mace, su biyun da rai.

Da saƙo ya iso ta waya na nufi bakin rafi. Ban gane shi ba. Ya yi faɗi, ya yi ja, yana tafiya a hankali da karan masara da wata ƙwarya tana juyi ita kaɗai. Can ƙetare, cikin hazon ruwa, ga mutum tsaye da buhu a ka. Malam Idi ne, an ce tun safe yake wurin.

Na yi kira, ruwa ya haɗiye muryata. Sai na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Na ga buhun ya zame daga kansa, ya durƙusa a cikin taɓo, hannuwa sama.

Abin da na koya ke nan: mutanenmu ba ƙin shiri suke ba, kunya suke ji a ce sun bar abin da suka gada. Kada ku je musu da faɗa. Ku zauna a zaure, ku jira, a cikin gidan akwai mai dabarar da za ta raba ku lafiya. Amma ku je tun ruwa yana iya gwiwa.