Masaukin da Na Zaɓa wa Inna a Bakin Teku

Ni mutumin Gummi ne, a bakin gulbi na tashi, kuma a wancan lokacin babu abin da nake taƙama da shi kamar wai na san ruwa. Idan aka kwana ana ruwa wajen Anka da Bukkuyum, na san gobe gulbinmu zai kawo ja wur, da kumfa da karare. Idan sama ta yi wasai kwana biyu, sai ka naɗe wando ka wuce abinka. Wannan ɗan sanin ne ya kusa sa in kashe uwata, wallahi ba ƙari a ciki.

Ƙanena ya shekara shida a Kurmi, a wani garin masunta da ke bakin teku, yana sayen busasshen kifi yana turowa Arewa. Lokacin wayar hannu ba ta iso mu ba, direba ne ya kawo saƙon matarsa ta haihu. Inna ta ce sai ta je suna. Ga ciwon gwiwa, ga sanda, ga shekaru, amma ta ce ko a buhu ne a saka ta. Haka muka yi kwana biyu a mota, ni da ita.

Tun da muka shiga dajin Kurmi tsoro ya kama ni. Mu da muka saba hango gari tun daga nesa, sai ga itatuwa sun haɗe kai a sama, da rana tsaka hanya ta yi duhu. Ko'ina jiƙe, ko'ina wani abu na kuka ba ka ganinsa. Inna ta ja mayafi ta rufe hanci, tana ta jan tasbaha. Ni kuwa sai cika baki nake, ina nuna mata kwakwa da ayaba kamar ni na dasa su.

Ɗaki ɗaya ƙanena ke haya, ga mai jego, ga 'yan barka. Ya ce masauki biyu ya samo mana, in duba in zaɓa. Na farko a tasha yake, bene ne, a ƙasansa ana sayar da giya, kiɗa na tashi kamar zai tsaga bango. Inna ko ƙofar ba ta kalla ba.

"Ba ni kwana bisa giya," ta ce. "Mu tai gaba."

Na biyun yana wani ɗan tsibiri cikin daji, gidan wata tsohuwa ce da ke saukar da baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye da birai, ta ba su ɗaki da karin kumallo. Tsakanin gari da tsibirin akwai wani faffaɗan yashi, tafiyar minti goma ga mai lafiya. Da la'asar sakaliya muka taka shi, a bushe ƙayau, sai ƙananan ƙaguwa da ke gudu suna shigewa rami. Gidan na katako ne a kan dogayen turaku, fes da shi, ga randar ruwan sama, ga gidan sauro a kowane gado. Babu kiɗa, babu kare. Na ce shi ke nan, nan za mu sauka. Ƙanena ya koma neman ragon suna, don gobe da safe ne sunan, ya bar mu.

Tsohuwar tana jin Hausar kasuwa, don mijinta marigayi da mutanenmu ya yi harkar goro. Bayan ta nuna mana alƙibla sai ta tsayar da ni a bakin matakala, ta yi min magana dalla-dalla.

"Malam, ruwa yana zuwa kan yashin nan sau biyu kullum. Gobe ku fita da kun yi sallar asuba. In rana ta hau kan kwakwar can, kar ku taka. Ku jira ni, in kai ku da kwalekwale."

Na ji ta sarai, ba zan yi ƙarya ba. Na ce to, na gode. Amma a raina dariya nake. Na ɗaga kai na dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Wane irin ruwa ne zai zo ba hadari, ba damina, wai har da agogonsa? Na ɗauka tsoratar da baƙo ne kawai.

Da asuba Inna ta zauna wuridinta, kuma ba a katse ta, ko mahaifinmu bai taɓa gwadawa ba. Tsohuwar ta ajiye mana shayi da dafaffiyar ayaba, ta shiga kwalekwalenta ta rafin da ke bayan gida, ta tafi duba komarta ta kamun kifi. Kafin Inna ta shafa addu'a, ta sha shayi, ta ɗaura zanen bikinta, rana ta haye kwakwar nan har ta wuce. Na sauka na duba. Yashin yana nan, sai dai ɗan ruwa-ruwa da ke sheƙi a kansa, bai kai idon sawu ba. Ana gab da raɗa suna, kwana biyu muka yi a hanya saboda shi. Na ce Inna, mu tafi.

"Matar ga ba ta ce a jira ta ba?"

"Haba Inna, wannan ne ruwa? Ko akuya ta wuce shi."

Ta dube ni, ta dubi yashin, ta yi bisimilla ta sa sanda.

Ba mu kai rabi ba na gane na yi ta'asa. Ruwan gulbi daga gefe ɗaya yake zuwa, kana ganinsa, kana jin rurinsa. Wannan shiru yake zuwa, ta dama da ta hagu, kamar daga ƙarƙashin ƙasa yake tsatsowa. Ɗazu yana idon sawu, yanzu ya kai ƙwauri. Na waiwaya don mu koma, sai na ga inda muka baro ya fi zurfi, matakalar gidan ta ƙasa ta riga ta nutse. Bakina ya bushe ƙaf, ni da nake tsaye cikin ruwa.

Yashin da ke da tauri jiya ya koma taɓo. Inna ta kafa sanda, sandar ta lume, ta ja ta ƙi fitowa, ta sake ta. Takalminta ɗaya ya tafi. Duk taku ɗaya sai ta tsaya ta yi nishi, ruwan kuma ba ya tsayawa. Ya kai mata gwiwa, ya kai cinya, zanen ya jiƙe ya naɗe mata ƙafafu. Na ƙwala kira wajen gari, na ƙwala wajen daji. Wani tsuntsu ne kawai ya tashi.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, hau bayana."

Ni ne ɗanta na fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo hannunta bai sauka a jikina ba. Ta kau da kai, ruwa na dukan ƙugunta, ta ce, "Ba ni hawa. Kai dai wuce, kana da ɗiya ƙanana."

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ni, Inna! Na ce wallahi ko ta hau ko mu mutu tare a nan, ta zaɓa. Hawaye na zuba, ina ta maimaitawa kamar mahaukaci. Sai na ji hannuwanta biyu sun damƙi wuyan rigata ta baya.

Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara tsorata ni. Na miƙe da ita, ƙafafuna suka lume har ƙwauri. In ciro ɗaya, ɗayar ta nutse. Ruwan ya kai min ƙirji, mai gishiri, yana tura ni gefe a hankali, kuma na san in na faɗi sau ɗaya ba mai tashi a cikinmu. Tana salati a kunnena, rigar na shaƙe ni, ban ce ta sassauta ba. Garin yana nan gabana, ina hango hayaƙin gidajen, amma ba ya matsowa. Daga baya na daina tafiya, na kafe ƙafafu na tsaya kawai, ina ɗaga ta sama iyakar ƙarfina.

A haka tsohuwar ta same mu. Ta dawo ta tarar ɗaki ba kowa, ta zagayo da kwalekwale tana zuba min faɗa da yarenta tun daga nesa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san na cancanci kowace. Ta kama Inna ta hammata, ni na tura daga ƙasa. Ko da Inna ta zauna a ciki, hannuwanta ba su saki rigata ba, sai da tsohuwar ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Da muka kai gaɓa an riga an raɗa suna, muna jin hayaniyar masu watsewa. Inna ta zauna a kan wani kututture, ƙafa ɗaya ba takalmi, haƙoranta na haɗuwa. Na tsuguna a gabanta ina neman ta inda zan fara ba ta haƙuri, na ruwan ko na tsawar, na rasa. Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi tsohuwar.

"Baiwar Allah," in ji Inna, "ki ce ma wanga yaro shi tai shi sake riga, kar sanyi shi kama shi."