Ɓerayen da na gani a Yola

Ana sallame asuba muka kama hanya daga unguwarmu Yelwa a Mubi, ni da 'yar ƙanena da na riƙe tun tana goye. Shekara da shekaru, duk wata in jini ya zo mata sai ta yi amai ta dunƙule a ƙasa. Mun ji an ce wani likitan mata ya zo Yola yana yi wa masu irin ciwon aiki, amma sai wadda nata ya yi tsanani. Na ce to namu ne ya zo.

Tun da aka hana mashin sai keke, shi ya kai mu tasha. Kuɗin mota ya hau, direba ya ce shingaye ne suke ci. Daga Mubi zuwa Hong gidaje ba rufi, coci da masallaci duk baƙi ɗaya. Kowane shinge sai an sauka an taka hannu a sama, kuma ranar jinin ya zo mata. Wani soja ya ga fuskarta ya tambaya ko lafiya, ta ce lafiya lau. A Gombi na sayi dakkere da nono, nonon rabi ruwa ne. Ba ta ci ba.

Mun sauka wurin 'yar maƙwabciyarmu, wadda tun gudun da aka yi lokacin da aka kawo wa garinmu hari ba ta koma Mubi ba. A jami'a take aiki, ɗakin ɓeraye. Na yi dariya, na ce mu muna sa musu tarko, ke ana biyanki ki ba su abinci. Ta ce ai ciwon 'yata suke nema wa magani, in zo in gani.

Farare ne, sun fi jikokina ƙiba. Ta ce naman da ya kamata ya tsaya cikin mahaifa ne yake tsirowa a waje, shi suke dasa wa ɓera a ciki. Na ce ɓera ba ya magana, wa ya gaya muku yana jin zafi? Ta nuna min bututu cike da tsakuwa. Mai lafiya sai ta tone shi tas. Mai ciwo sai ta ɗan taɓa ta bari, ta koma lungu ta runtse ido. Su kuma su auna tsakuwar da ta rage. Akwai wani siririn zare kamar gashin doki da suke taɓa cikinta da shi, su ga yaushe za ta zabura. Na tsaya kan wata da ta kwanta, mutum biyu suna kallonta kamar matar gwamna. Raina ya yi sanyi. Na ce mutanen da suka damu da ɓera haka ba za su bar mutum ba.

Washegari muka je asibiti. Mata cike har baranda, mai sayar da rake yana ta ciniki. Da aka kira ta, ta gyara ɗankwali, ta miƙe tsaye, ta shiga ta durƙusa har ƙasa ta gaida likitan. Ya tambaya ya jiki, ta ce da sauƙi. Ya ce daga ɗaya zuwa goma, ciwon yana ina? Ta kalli ƙasa ta ce uku. Yana hana ta aiki? Ta ce a'a.

Na ce, "Likita, ƙarya take. Yarinyar nan da jini tana bin ƙafarta ta taka har Belel lokacin gudu da kaya a ka, ba wanda ya ji muryarta."

Ya ce, "Mama, na yarda. Amma kin ga waccan an shigo da ita a kwance. Gado kaɗan ne."

Ya rubuta mata ƙwayar da muke saye a kemis ɗin unguwa.

A mota na tambaye ta me ya sa. Ta ce, "Goggo, namiji ne, sa'an babana. In ce masa me? In yi ta ihu a gaban mutane?" Haka uwata ta haife ni ba ko tari, haka duk matan gidanmu, kuma ana yaba mana.

Mun iso Mubi gab da magariba, kafin a hana fita. Randa ba ruwa. Kafin in cire takalmi ta ɗauki bokiti ta nufi rafi, hannu ɗaya a mara.

Abin da na koyo ke nan: ɓera in ta ji ciwo ta ajiye aiki, sai a yarda da ita. Tawa ba za ta ajiye ba. Likitan kuma an ce ƙarshen wata zai tafi.