Cikin da Ya Tsaya a Hanya

Salamu alaikum. Tun bayan ƙaramar Sallah ban sake rubuta komai a nan ba. Masu aiko saƙo, duk na gani, ƙarfin amsawa ne babu. Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Abin ya fara da murɗawar mara ta gefen dama, da ɗan jini yana ɗiga. Ina shayar da Hafsa, ba ta cika shekara ba, al'adata kuma ba ta daidaita ba tun haihuwa. Na ce al'adar ce ta dawo da rikici.

Maigidan yana Arewa wajen lodin tumatir. Surukata, Inna, ita ce tare da ni. Ta raka ni wani ƙaramin ɗakin gwaji a bayan layinmu a Agege, inda majinyaci ne ke zaɓar gwajin da yake so kamar a kanti. Muka ce maleriya da taifod. Takarda ta fito da taifod, mai kemis ya haɗa magani.

Na sha har ya kusa ƙarewa. Ciwo yana nan.

Wani hantsi ina shanya, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a mara. Na farfaɗo a cikin keke Napep, kaina a cinyar Inna, kafaɗata tana zugi alhali ban faɗi a kanta ba.

A ɗakin gaggawa wani matashin likita ya karɓe mu. Inna na tsaye, Yaya Sani wan mijina na gefenta.

"Madam, ko kina da ciki?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Wane irin ciki, ɗan nan? Goyo fa take yi!"

Gaskiya ita ce, kwana biyu ina zargi. Amma kwanika ce, ciki a kan goyo, abin da mata ke yi wa juna gori da shi a gidan suna. In faɗi haka a gaban surukata da wan mijina? Na ce, "Babu."

Aka auna yawan jinina, abin da suke kira PCV. Ya fito kusan daidai. Yaya Sani ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi, jini dai ya isa." Aka sa mini ƙarin ruwa, aka tura gadona lungu, takardar taifod a kan ƙafata.

Ina jin sanyi yana hawa daga yatsuna. Tsoro bai zo mini ba tukuna, gajiya ce kawai.

Wata babbar likita ce ta biyo zagaye, Bayarabiya, haifaffiyar Agege, Hausarta tar. Ta kama tsintsiyar hannuna, ta ja fatar idona ƙasa, ta danna cikina na yi ƙara.

"Mama, ku ɗan ba mu wuri."

Inna ta ce, "Ai ni uwarta ce."

"Shi ya sa, Mama."

Ta ja labule, ta maimaita tambayar ko ina da ciki. Na faɗa mata abin da nake zargi.

Gwajin fitsari ne kawai, kuɗinsa bai kai na keken da ya kawo mu ba. Ya nuna ciki. Hoto ya nuna mahaifa wayam, jini ya taru a bayanta. Cikin ya tsaya a bututun da ke kai ƙwai mahaifa, ya girma a can har bututun ya fashe. Da aka sake auna jinin, ya faɗi warwas.

Ta ce, "Na farko bai yi ƙarya ba, da wuri aka yi shi. Jinin da ke zuba yanzu-yanzu ba ya nunawa nan take. Bugun zuciyarki shi ne ya faɗi gaskiya." Gwajin taifod ɗin nan na kan titi kuwa, ta ce ko mai lafiya garau yana iya nuna masa taifod.

A nan tsoro ya zo. Na ce a kawo mini Hafsa in gan ta. Aka ce babu lokaci.

Kuɗin tiyata sai da Yaya Sani ya karya jarinsa. Jinin kuwa 'yan dako ne na kasuwar Mile 12, abokan aikin maigidan, suka cika motar danfo suka zo. An ce wani ƙato a cikinsu ya kawar da kai yana cewa, "Oga, ni buhu nake ɗauka, allura ba sana'ata ba ce." A jikinsa aka samu jinin da ya dace da nawa.

Na rasa cikin, na rasa bututu ɗaya. An yaye Hafsa ina kwance. Har yanzu hawa bene yana tsayar da ni a tsakiya, aiki kuma daga gida nake taɓa shi.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Wata rana tana gasa mini jiki ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ni na amsa tambayar da ba ni aka yi wa ba. Da kin tafi, me zan ce wa uwarki?"

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan, da Yaya Sani, da 'yan dako da ban san fuskokinsu ba, da Inna da ta goya Hafsa duk tsawon jinyar.

'Yan'uwa mata, ciwon mara mai tsanani da jiri, ko ɗigar jini, ko zugin kafaɗa ba dalili: a yi gwajin ciki, ko ana goyo, kuma a tafi asibiti, ba ɗakin gwaji na bayan layi ba. Kada ku zaɓa wa kanku gwaji. Idan takarda ta ce lafiya lau amma jiki yana ƙara sanyi, ku nemi a sake dubawa.

Masu rakiya kuma, Allah ya saka muku da alheri. Amma idan likita ya fara tambaya, ku fita kafin a ce ku fita.