Romke da Gonar Bakin Magudana

Romke Hiemstra, ƙanin marigayi mijina, tun yana yaro idan aka yanka cuku, rabon Tjibbe maƙwabcinsa yake kallo. Sun tsufa, halin bai tsufa ba.

Shekarar da Tjibbe ya sayo tarakta mai ƙafar katafila, Romke ya tare shi a ƙofar coci.

"Yaƙi za ka da wannan tankar? Tayar taraktata mai faɗi, in na rage mata iska, ko ƙwai ba ta fasawa."

Ranar Laraba tayar ta nutse a laka har gindi, da lodin dankali. Tjibbe ne ya jawo shi, rabin ƙauye na kallo.

"Ƙwan yana ƙasa ne, maƙwabci? Mu tono?"

Romke ya yi wata bai ci abinci da daɗi ba. Abin da ya ƙara masa ciwo, gonata ta bakin magudana zan ba ɗayansu haya, kuma ya ji na yaba katafilar. Da gangan na yaba, ina son ganin wuyansa ya yi ja.

Daga nan tsoron ba'a ya hana shi shiga gona jiƙaƙƙiya. Sai ya tsaya bayan taga da kofinsa, yana cizon leɓe, yana kallon Tjibbe na kai da kawo cikin ruwan Nuwamba da nauyin da ya ninka nasa, ko sawu ba ya bari. Kaka uku a haka.

Da lokacin yanke magana ya yi, na ɗauki shebur na kira su, na haƙa gonar kowannensu. A gonar Romke ƙasa ta marmashe, tsutsar ƙasa na motsi. A ta Tjibbe sama sumul, kamu ɗaya ƙasa kuwa daɓe, ruwa kwance a kai. Ba laifin katafila ba ne, mai ita ne ya ga tana iya shiga ya daina tambayar ƙasa ko ta shirya.

Na ce Romke ya kawo garmarsa bana.

Tjibbe ya harzuƙa. "Haba Fokje! Mutumin da na ciro daga laka za ki ba? Wannan ba hikima ba ce, tsoro ne ya zaunar da shi!"

Romke ya cusa hannu a aljihu.

"Tsoro ne mana. Ni na nutse rana ɗaya, kowa ya yi dariya. Kai gonarka shekara uku tana nutsewa, wa zai jawo ta?"