Gahawar Almustafa

Almustafa mutumin Damagaram ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a gidan gonar wani attajiri a bayan garin Dir'iyya, can ƙasar Larabawa: ban ruwan dabino, share majalisa, dafa gahawa idan an yi baƙi. Kafin ya fito nema, yana cikin 'yan wasan kwaikwayon unguwarsu, kuma ya iya.

A bara, Kamil, ɗan kafilinsa, wato attajirin da ya tsaya masa a takardun zama, ya rubuta wasan barkwanci da za a yi wa dangi a gonar. Labarin wani tsoho ne da aka tarar a mace a gidan gonarsa, kowa na zargin kowa, mai bincike kuma wawa. Kamil ya ce da shi, "Mustafa, kai ma kana ciki."

Almustafa ya ji daɗi ƙwarai. Har aski ya yi. An ce ya shigo da buta, ya zuba, ya fita, shi ke nan. Ba wanda ya gaya masa ƙarshen labarin.

Ranar wasa, bayan la'asar, aka yi ta dariya. Can sai mai bincike ya juyo ya nuna Almustafa da sanda. Wai bara ne ya zuba wa maigida guba a gahawa. Samari biyu suka cafke shi, ɗaya yana kwaikwayon Larabcinsa, majalisa ta kece da tafi.

Ya haɗiye, ya ce ai wasa ne. Amma da aka tashi ya kawo gahawar gaske, wani kawun Kamil ya ture kofin ya ce, "Ɗanɗana tukuna." Aka sake fashewa da dariya. Sati na gaba ma haka, na bayansa ma haka.

"Shekara goma sha ɗaya!" in ji shi, ranar da yake ba mu labari a unguwar Jaradiya. "Ni na ba uban nan nasu magani da hannuna lokacin da yake kwance. Ko dabino ɗaya ban taɓa tsinka ba sai an ce in tsinka. Yau ni ne mai guba?"

Dawuda, abokinsa tun na gida, ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, tana hannunsu."

"Haƙurin ya ƙare."

A mako na huɗu, da kawun ya maimaita, Almustafa ya shanye kofin yana kallonsa ido cikin ido, ya dire butar a ƙasa, ya fice. Washegari ya nemi a mayar da kafalarsa wani wuri, wato ya sauya ubangida. Kamil ya bi shi har bakin ƙofa yana cewa, "Wallahi wasa ne." Almustafa ya wuce abinsa.

Wata uku ya yi yana zirga-zirgar takardu. Yanzu yana wani wurin sayar da shuke-shuke a Al-Naseem, aikin ya fi wuya, ɗakin ya fi ƙunci. Dawuda ya ce ya yi wauta. Tun ranar ba su sake zama tabarma ɗaya ba.